Yadda Ake Shirya Ƙwaƙwalwar Babbar Mota Kafin a Ƙara Mata Ƙarfi

Duk direban da ya taɓa tasowa daga Akwanga da cikakken lodi ya nufo Jos, ya san inda mota ke faɗin gaskiyarta. A Hawan Kibo ne. Nan za ka ga tirela tana rarrafe a ƙaramar giya, hayaƙi na tashi, yaron mota ya sauko yana biye da ita da weji a hannu. Mafi yawan masu zuwa garejinmu da maganar a ƙara wa mota ƙarfi, daga wannan hawan zancensu ke farowa. Alhaji ya ji cewa akwai masu shiga kwamfutar mota su sauya mata lissafi, ta koma ja kamar sabuwa, har ta rage shan gas, to shi ma a yi wa tasa.

Ana yi, kuma in an yi shi daidai yana da amfani. Sai dai zuba sabon fayil a cikin kwamfutar ba ya wuce 'yan mintoci. Shirin da ake yi kafin a kai ga zuba shi ne ke cin yini biyu, kuma a nan ne mota ke tsira ko ta salwanta.

Kwamfutar da muke magana ita ce akwatin ƙarfen nan da ake kira ECU, wadda kanikawa ke ce wa birenbos. Tana karɓar labari daga sansa-sansan da ke jikin inji, wato ƙananan na'urorin awo: saurin juyawarsa, matsin iskar da tobo (na'urar da ke cusa wa inji iska) ke turawa, zafin ruwa, zafin gas, da yadda direba ya taka totur. Daga nan ta duba wasu jadawalai da ke cikinta, waɗanda masu aikin ke kira taswira, ta yanke yawan gas ɗin da za a fesa da lokacin fesa shi. Ƙara ƙarfi ba komai ba ne illa sauya lambobin da ke cikin waɗannan taswirori. Tsohuwar roka mai famfon gas mara kwamfuta ba ta cikin wannan zance, ita da sufana ake saita ta.

Mataki na farko: zauna da mai mota da direbansa

Kafin ka taɓa waya ko ɗaya, ka sa kujera ku zauna. Mai mota ya san abin da yake kashewa a gas, direba ya san halin motar a hanya, kuma sau da yawa maganarsu ba ta zama ɗaya. Ka tambayi wane irin lodi take ɗauka, tan nawa, wace hanya ta fi bi. Motar da ke kwasar dankalin turawa da kabeji daga Farin Gada zuwa Fatakwal, ta dawo da kaya mai nauyi ta hawo tudu, ba irin lissafinta ɗaya da tifar da ke jigilar yashi tsakanin Bukuru da cikin gari ba. Ka tambayi direba a keɓe, cikin mutunci: Malam, tun yaushe ta fara kasala? In ya ce da can tana hawa lafiya, daga baya ne ta rage, to motar ba ƙarin ƙarfi take nema ba. Ciwo ne da ita, gyara take so.

Sannan ka rubuta lambar shasi, nau'in injin, shekarar ƙira, da lambobin da ke kan takardar da aka manna a jikin kwamfutar. Ka ɗauki hotonsu. MAN TGA galibi tana zuwa da Bosch EDC7, DAF XF105 tana da Delphi DMCI, tsohuwar Actros tana da wadda ake kira MR ko PLD. Kowacce da hanyar karanta ta. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a ƙofar mota, domin motocin Beljiyam da yawa an sauya musu inji ko kwamfuta tun kafin su iso hannun mai su na yanzu.

Ka leƙa ƙarƙashi ka karanta farantin giyabos. Wannan abu ne da mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ke gaya maka iyakar da za ka tsaya. Injin XF105 mai lita 12.9 yana fitowa kala uku: mai doki 410 yana ba da ƙarfin murɗi 2,000 Nm, mai 460 yana ba da 2,300, mai 510 kuma 2,500. Giyabos ɗin ZF kuwa lambarsa tana nuna abin da zai iya ɗauka, misali 16 S 2220 an yi shi ne don kimanin 2,200. In ka tura masa 2,600 saboda injin zai iya, to kuloci da giya ne za su biya bashin.

Mataki na biyu: lafiyar inji

Sabon fayil ba ya warkar da inji mara lafiya, ƙara masa kaya yake yi. Don haka sai an tabbatar da lafiyarsa tukuna, kuma ba ni yarda in wuce wannan mataki ko da mai mota yana sauri.

A fara da abubuwa masu sauƙi. A sauya baƙin mai da filtarsa, a sauya filtocin gas duka, a zubar da ruwan da ya taru a mai raba ruwa da gas. Filtar iska a ciro ta a duba, musamman in lokacin hunturu ne da ƙura ta cika gari. In ta toshe a sa sabuwa, a daina bugunta da ƙasa ana mayarwa. Ka zari ɗan gas daga gindin tanki a kwalba mai haske ka ajiye ya kwanta. In ka ga ruwa ko laka a ƙasa, ko ka ji warin kalanzir, a wanke tanki kafin a ci gaba. Gas ɗin gefen hanya ya kashe injektoci da yawa a ƙasar nan.

Daga nan sai hanyar iska, wadda a gani na ita ce ta fi kowa ɓoye laifi. A toshe bakin intakula, mai sanyaya iskar da tobo ke turawa, da tiyoyinta, a hura musu iska mai matsin kimanin bar 1.5, a bi da ruwan sabulu. Duk inda ya yi kumfa, nan ƙarfin motar ke zurarewa. Na sha ganin motar da aka kawo don a ƙara mata ƙarfi, ashe tsaguwa ce kamar tsawon yatsa a tiyo. Aka sauya tiyo, direba ya je ya dawo ya ce ba ya bukatar komai kuma. A cire tiyon gaban tobo, a kama sandarsa da yatsu a girgiza. Ɗan motsi na gefe da gefe ba laifi, amma in tana gaba da baya, ko fukafukan sun fara gogar bango, wannan tobo ba zai jure ƙarin matsi ba.

A saita balbul daidai da awon kamfani, inji yana sanyi. A buɗe murfin baƙin mai inji yana aiki, in hayaƙi na busowa da ƙarfi, ringi sun gaji. A wanke lagireto ciki da waje, a duba murfinsa da fanka. A Jos ruwa yana tafasa ne tun wajen digiri 96 saboda tudu, shi ya sa murfin lagireto mara riƙe matsi ya fi cutarwa a nan.

Kuloci kuma a gwada shi da lodi: a sa babbar giya, inji yana ƙasa-ƙasa, a taka totur har ƙasa. In allurar juyin inji ta haura amma gudun mota bai ƙaru ba, yana zamewa. A sauya shi tukuna.

Mataki na uku: ka saurari kwamfutar kafin ka sa mata baki

Jona na'urar sikanin. Ta kamfanin ta fi, irin su Davie na DAF, MAN-cats, Xentry na Mercedes ko SDP3 na Scania, amma Jaltest da Texa ma suna aikin. Motocin Turai suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod ko wajen fiyus, Mack da sauran na Amurka kuwa galibi zagayayye ne mai baki 9.

Karanta duk lambobin matsala na kowace kwamfuta da ke motar, har da ta giya da ta birki. Ka adana su, ka ɗauki hoto, kafin ka goge ko ɗaya. Bayan gogewa a zagaya da motar a sake karantawa. Wadda ta dawo, matsala ce mai rai, sai an gyara.

Akwai wani gwaji da nake so ƙwarai don ba ya cin kuɗi. A bar motar ta kwana ba a tayar ba. Da sassafe, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi, a kunna makulli kawai kada a tayar da inji. Zafin ruwa, zafin gas da zafin iskar shiga duk su nuna kusan abu ɗaya, tunda a wuri ɗaya suka kwana. In biyu sun ce 14 ɗaya ya ce 40, ka kama maƙaryaci. Haka ma sansan matsin tobo da na matsin iskar sarari, dole su yi daidai da juna in inji ba ya aiki. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, don haka abin da za ka gani wajen bar 0.87 ne zuwa 0.88, ba 1.01 na Legas ba. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka sansa ya lalace ya sa a sayi sabo a banza.

Wannan lamba tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Iskarmu ta fi ta bakin teku sirantaka da fiye da kashi goma cikin ɗari. Kafin tobo ya tara matsin da kwamfuta ta nema, sai ya yi juyin da ya fi wanda zai yi a Apapa. Kamfani ya san da haka, shi ya sa ya sa taswirar da ke rage matsi da gas in mota ta hau tudu. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, wanda wani ya tsara a ƙasar da ke shimfiɗe kamar tabarma, yana iya zuwa an ɗage wannan kariya. Motar za ta yi daɗi a Lakwaja, ta zo Hawan Kibo tobo ya tarwatse.

A yi gwajin kashe silinda ɗaya bayan ɗaya, a duba yadda kwamfuta ke daidaita kowane injekta. Wanda ya yi nisa da 'yan'uwansa a ciro shi a kai bencin gwaji.

Mataki na huɗu: auna ta yadda take yanzu

In ba ka san inda ka taso ba, ba yadda za ka san ko ka ci gaba. A loda motar da irin nauyin da ta saba ɗauka, a zaɓi hawa ɗaya da aka sani, direba yana tuƙi kai kana gefe da laftof kana naɗar bayanai. Kada direba ya riƙe waya ko laftof. Abin da za ka naɗa: juyin inji, gudu, giyar da ake ciki, matsin tobo da aka nema da wanda aka samu, zafin ruwa, zafin iskar shiga, sannan matsin gas a bututun tara mai in injin irin mai bututun ne, kamar D20 na MAN. In da hali a sa ma'aunin zafin hayaƙi a gaban tobo. Ni ba na son ganin ya zauna sama da digiri 700 a dogon hawa. In tun yanzu yana kusa da nan, babu sauran fili da za a ƙara gas.

A cika tanki, a rubuta kilomita, a yi tafiya guda, a sake cikawa a rubuta lita nawa ta sha. Wannan takarda ita ce za ta raba gardama tsakaninka da Alhaji nan da wata biyu.

Mataki na biyar: wuta

A nan ne kwamfutoci ke mutuwa. Lokacin rubutu, na'ura tana fara goge abin da ke cikin kwamfutar ne sannan ta zuba sabo. In wuta ta yi ƙasa a tsakanin nan, kwamfutar ta zama fanko, ba tsoho ba sabo. Mota ba za ta tashi ba, wani lokaci ma na'urar sikanin ba za ta ƙara ganinta ba.

Ya taɓa faruwa da ni, ban kuma manta ba. Batiran motar sun gaji, na jona wata caja ta kasuwa da janareto na ce za ta riƙe. Rubutu ya wuce rabi mai ya ƙare a janareto. Motar ta yi kwanaki a tsaye da kayan mutane a bayanta, mai ita yana zuwa kullum da safe ya zauna a benci ba ya cewa komai. Abin da ya cece ni shi ne na karanta kwamfutar gaba ɗaya kafin in fara, da shi aka farfaɗo da ita. Tun daga ranar na sauya yadda nake aiki.

Babbar mota tana aiki da bolt 24, batir biyu masu 12 a jere. In sun cika kuma inji a kashe, mita za ta nuna wajen 25 ko ɗan sama. In inji na aiki, wajen 28. Ka auna kowane batir shi kaɗai, domin ɗaya yana iya mutuwa ɗan'uwansa ya rufa masa asiri. Ka gwada su da na'urar ɗora nauyi, ka kankare kawunansu, ka ɗaure tam, ka bi wayar as, wato ta negatif, har inda ta kama shasi da jikin inji. Sannan ka jona na'urar riƙe wuta ta 24 wadda aka yi don wannan aiki, mai ba da wuta a tsaye ba hawa da sauka. Cajar da ke da maɓallin tayar da mota ba ta dace ba, tana iya harba wutar da za ta ƙona abin da kake son gyarawa. Ita ma na'urar kada ta dogara da wutar NEPA kai tsaye, a bi da ita ta inbata mai cikakken batir. Laftof ya cika da caji, a hana shi barci, a dakatar da sabunta Windows, a rufe duk wata manhaja da ba ta cikin aikin.

A kashe fitilu, rediyo, fanka, firij da hita. A ja birkin hannu, giya a firi, a sa weji. A gaya wa yara kada wanda ya buɗe ƙofa ko ya taɓa makulli.

Mataki na shida: wayoyi da soket

Kashe makulli ka jira kamar minti biyu kafin ka cire batir, domin kwamfuta tana ƙarasa adana bayananta, motoci masu AdBlue, ruwan da ake fesawa a salansa don tsabtace hayaƙi, kuma suna janye ruwan daga bututu. Cire kan negatif tukuna. Sa mita tsakanin baki na 6 da na 14 na soket mai baki 16. Waɗannan su ne layin CAN, wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu, kuma a yawancin motoci mai lafiya yana nuna om 60. In ka ga 120, wani gefe ya yanke. In ya yi ƙasa sosai, wayoyin sun haɗu ko an jona wani abu ba daidai ba.

Mafi yawan lokaci wannan abin turaka ce, na'urar bin sawun mota da masu kamfani ke sawa. Wasu masu wayarin a kan layin CAN suke feɗe waya su liƙa ta. Tana iya cusa saƙo ana tsakiyar rubutu. A cire ta da izinin mai mota, a mayar bayan an gama.

In za a ɗaga kan mota, a kwashe duk abin da ke ciki, a buɗe murfin gaba, a ɗaga shi har ƙarshe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin kan da ya tsaya a rabi. Zare soket ɗin kwamfutar ka haska da tocila. Kana neman tsatsa mai kore, baki da ya lanƙwashe, ruwa, ko baƙin mai. Mai yana bin cikin wayoyin injekta ya gangaro har cikin soket, kamar yadda kalanzir ke bin lagwani. A wanke da feshin wanke lantarki, a busar, a gyara inda yake fitowa.

Mataki na bakwai: karanta asali ka ɓoye shi

Hanya uku ce. Ta soket ɗin cikin mota, wadda ta fi sauƙi. Ta benci, inda ake ciro kwamfutar a jona wayoyi a bakinta ba tare da an buɗe ta ba. Sai ta buɗewa, inda ake ɓalle murfi a taɓa allon ciki. Na'urori irin su KESS3 na kamfanin Alientech suna nuna hanyar da kowace kwamfuta ke karɓa, da hoton inda kowace waya za ta shiga, da wutar da za a ba ta. A bi hoton nan kamar yadda yake, ba a aikin da ka.

Zancen kwafin na'urori masu araha da suka cika kasuwa: araha ba ta ado. Na'urar da za ta iya daskarewa a tsakiyar rubutu ba ta cancanci a jona ta da motar miliyoyin naira ba.

In kwamfutar tana karɓar karatun benci, ni shi nake zaɓa, don yana kwaso komai, har da ƙaramin ma'ajin da ake kira EEPROM. A cikinsa ne ake samun irin bayanan da suka keɓanta da wannan mota kaɗai, kamar na makullin tsaro da lambobin injektoci. Karatun soket sau da yawa taswirori kawai yake ɗaukowa. A wasu kwamfutocin ma ba karatu ne na gaskiya ba, na'urar tana duba lambar manhaja ne ta sauko maka da fayil mai irin lambar daga rumbun kamfaninta. In wani ya riga ya taɓa motar a Turai, wannan fayil ba zai nuna maka ba. Shi ya sa yake da kyau mai tsara fayil ya buɗe abin da ka karanto a manhajar gyara taswira ta WinOLS ya gwada shi da na asali na kamfani. In an taɓa ƙara mata, ba a ƙari a kan ƙari.

Karanta sau biyu, ka gwada fayilolin biyu su zama iri ɗaya. Sa wa fayil suna da lambar shasi, lambar manhaja da kwanan wata. Ajiye shi wuri uku: laftof, filas da ba a amfani da shi don wani abu, da imel ɗinka. Ka ba mai mota nasa kwafin, haƙƙinsa ne. Kada ka taɓa yin gyara a kan fayil na asali, kwafi ake taɓawa.

In an buɗe murfi, a share tsohon gam a sa sabo mai jure zafi, a rufe ruf. Kwamfutar da ke manne a jikin inji tana shan ruwan damina da na masu wanki. A wasu motocin, kamar Volvo, gas ne ke bi ta bayanta yana sanyaya ta, don haka a mayar da bututun daidai, a fitar da iska.

Mataki na takwas: abin da za ka gaya wa mai tsara fayil

Tura masa fayil na asali, bayanan da ka naɗa a hanya, lambar giyabos, nauyin lodi, kilomitar da injin ya ci, da tsayin garin da motar ke aiki. Ka faɗa masa ƙarara cewa kariyar tudu, kariyar zafi da taswirar taƙaita hayaƙi su zauna yadda suke. Ni ba na neman abin da ya wuce kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari ga motar da ke neman abinci kullum, kuma na fi son ƙarin ya zo a tsakiyar juyi, wajen juyi 1,100 zuwa 1,400 a minti, inda direba ke zama a hawa. Baƙin hayaƙi ba alamar ƙarfi ba ne, gas ne da aka saya da kuɗi yana fita ta salansa bai ƙone ba, mai babur da ke baya yana shaƙa.

Za a roƙe ka ka cire maƙalar gudu. Kada ka yarda. Tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, kuma ko babu doka, fayil ba ya ƙara wa mota birki. Hawan Kibon da ake son ta hau da ƙarfi, ta nan za ta gangara, kuma duk mutumin Jos ya san abin da gangaren nan ya ci. Ka sa a duba birki da birkin inji a rana ɗaya da aikin kwamfuta.

Idan fayil ya dawo, ka tabbata lambar manhajarsa da girmansa sun yi daidai da wanda ka karanto, kuma an gyara lissafin tantancewar da ake kira cekisom, ko na'urarka za ta gyara shi da kanta. In bai daidaita ba motar ba za ta tashi ba. Sake auna batir, jona na'urar riƙe wuta, ajiye wayarka a gefe, ka bi umarnin kunna makulli da kashewa daidai lokacin da na'ura ta faɗa. Bayan an gama a goge lambobin da rubutun ya haifar, a tayar da inji ya yi zafi a tsaye, a zagaya da ita babu lodi. Sai washegari a ɗora mata nauyin nan na farko, a koma hawan nan na farko da direban nan, kai kuma kana gefe da laftof da takardar awon da ka yi a mataki na huɗu.